Shirin Auta na shiga soja

Asabar, 11 ga Oktoba

An gama yankan gero, ƙanena Auta ya dawo gari, sai maganar da muka yi ta ɗagewa tun bazara ta sake tasowa: soja yake so. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana da birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, bak kuma, jarrabawar gama babbar sakandare, ta ƙi shi. Ni mushe ne, wato malami, a firamare, ban taɓa riƙe bindiga ba, amma na san konkur, jarrabawar gasa ta ɗaukar aiki, na kuma ga yadda yaro mai ƙwazo yake faɗuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Muka raba aiki. Takardu da karatu nawa ne, gudu da gumi nasa.

Ba za mu jira sanarwa ba. In ta fito a rediyo, kwanakin kai dosiye, wato tarin takardun nema, ba su da yawa, kuma ranar ce kowa yake tuna hanyar lajistis, gidan shari'a. Ƙofofin da yake hange uku ne: sojan ƙasa, jandarma, da rundunar gardi ta ƙasa. Kowace da nata sharaɗi na shekaru da tsawo da takardar lakkwal, wato makaranta, sanarwar ce ke faɗa. Amma duk wanda ya bi ta ɗayansu labari guda yake bayarwa: a duba takardunka, a sa ka gudu, likita ya juya ka ciki da bai, ka yi rubutu, sannan ka tsaya gaban masu galo a kafaɗa su yi maka tambaya. Wannan tsayuwar ce ta fi damuna, don Auta in ya ga babba muryarsa cikin riga take shigewa.

Na roƙi maƙwabcinmu na nan unguwar Bagalam a Maraɗi, tsohon sojan da kowa ke kira Baba Ajidan, ya taimaka. A Tondibiya kusa da Yamai aka hore shi, ya yi aiki a Agadas da Difa. Ya ce a turo masa yaron gobe bayan asuba, kada a ba shi koko.

Laraba, 15 ga Oktoba

Takardu. Na baje su a kan tabarma na bi su harafi bayan harafi, kamar yadda nake gyara dikte, wato shifta.

An haifi Auta a ƙauye, a ɗaki, ba a kai rahoton haihuwar a kan lokaci ba, don haka abin da yake da shi takardar alƙali ce, wadda ake yi daga baya da shaidu ta tsaya a madadin takardar haihuwa. Wannan ba laifi ba ne, ana karɓarta. Matsalar tana wani wuri: sunan mahaifinmu a takardar alƙali da sunansa a takardar birbe sun bambanta da harafi biyu. Duk wanda ya yi lakkwal a ƙasar nan ya san ciwon. Suna ɗaya ne a baki, amma kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji shi da rubutun Faransanci. A gida ba wanda zai kula. Mai karɓar dosiye da layi ya cika masa ƙofa kuwa, dalili kaɗan yake nema ya ce a koma gefe.

Na fara bin gyaran yau. An ce in dawo. Na san wannan "dawo" ɗin, shi ya sa muka soma da wuri.

Takardar zama ɗan ƙasa daga lajistis take fitowa, kuma sai an haɗa da takardar mahaifi. Ta Baba tana cikin akwatin Inna, naɗe cikin leda tare da rasit na haraji tun na zamanin Kunce. Kaziye, wato shaidar cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba, ba zan ciro ta yanzu ba: wadda ba ta wuce wata uku ba ake nema, in muka yi gaggawa ta mutu a hannunmu kafin a buƙace ta. Hotuna da kwafi masu hatimi kuma aikin yini guda ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na bi su yau in ga abin da Baba Ajidan yake yi da yaron.

Kafin gudu ya zuba ruwa a simintin ƙofar gidansa, ya ce Auta ya cire takalmi ya taka, sannan ya taka busasshen wuri. Ya durƙusa yana duba sawun. Tsakiyar tafin ba ta fito ba, sai dunduniya da yatsu da siririn gefe. Ya ce madalla, ƙafar tana da rami. Mai shimfiɗaɗɗen tafi, in ji shi, wuya yake sha a doguwar tafiya da kaya, likitocin soja kuma suna dubawa. Ya sa shi ya haɗe dugadugai ya ga ko gwiwoyi suna gogar juna, ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya ja baya ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne.

Gudun a hanyar Tibiri suke yi, kafin manyan motoci su fara fitowa. Auta ya tashi da ƙarfi, shi da ya saba da ƙwallo a fili, bai yi nisa ba ya dafe ciki. Tsohon yana biye a kan keke bai ce komai ba sai da ya tsaya.

"Kai yaro, wa ka koro ka? Gudun soja ba na ɓarawo ba ne. In ba ka iya yi mini magana kana gudu, ka yi sauri da yawa."

Tsarinsa mai sauƙi ne. Yau gudu mai nisa a hankali, gobe gajere da sauri a filin ƙwallo, jibi hutun ƙafa amma a yi ta dannawa ƙasa da ɗaga ciki da jan jiki a ƙarfen raga. Na sayo masa takalmi a gwanjo, lamba ɗaya sama da ƙafarsa, don ƙafa tana kumbura in an yi nisa.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Gwajin tambayoyi na farko, a zauren Baba Ajidan bayan la'asar. Tebur, kujera biyu, ni da shi. Auta zai yi sallama daga waje, ya shigo, ya tsaya, ya faɗi ko shi wane ne.

Ya shigo a sunkuye, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya rage tsawo har ya kusa durƙusawa, idonsa a kan tabarma. Da aka tambaye shi suna, ni da nake kusa da shi ma da ƙyar na ji.

Baba Ajidan ya daki tebur. "Wa ya rasu? Gaisuwar mutuwa ka zo?"

Na yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne, kuma ba laifin yaron ba ne. Mu muka koya masa. Tun yana ƙarami an ce masa ba a kallon babba ido cikin ido, ba a ɗaga murya gabansa, ba a tsaya masa ƙerere, ba a yabon kai. In an ce "ka iya kaza?" amsar ɗan mutunci ita ce "to, ana dai taɓawa". Wannan tarbiyya ce, kuma ba zan so ya rabu da ita ba. Ita ce ta sa dattawan unguwa suke sa masa albarka. Sai ga shi hafsan da ke bayan tebur yana neman akasin duk wannan. Yana son ƙirji a buɗe, haɓa a sama, ido a kansa, murya da za a ji daga ƙarshen fili. Wanda ya sunkuyar da kai, a wurinsa ko tsoro ne ko ɓoye wani abu. Yaron ƙauye mai kunya zai iya fin ɗan birni mai baki ƙarfi da juriya da gaskiya, amma cikin minti biyar na tambaya ɗan birnin ne zai fito da maki. Ina ganin haka a ajina duk lokacin da sufeto ya zo.

Baba Ajidan ya bi da shi ta hanyar da ban yi tsammani ba. Bai ce masa ya daina ladabi ba. Cewa ya yi:

"Ɗana, a gida kana girmama ni da gwiwa. A bariki da ƙashin baya ake girmama mutum. In ka miƙe sak gaban kapiten, gaishe shi ka yi. In ka langaɓe, ka raina shi."

Ya koya masa gardabu: dugadugai a haɗe, yatsun ƙafa a ware kaɗan, hannuwa a miƙe a kan ɗinkin wando. Ya ce in kallon ido ya yi masa nauyi, ya kalli tsakanin girar mai tambaya, ba wanda zai gane bambanci. Ya hana shi sara wa kowa, tunda bai sa kaki ba tukuna. Farar hula da ke sarawa abin dariya ne. Sannan ya sa shi ya fita ya sake shigowa, ya fita ya sake shigowa, har aka kira magariba. Yaran unguwa sun cika taga.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Mun je asibiti da kuɗinmu aka yi masa gwajin jini, tun kafin na hukuma. Shawarar Baba Ajidan ce, kuma ita ce mafi tsada a cikin shawarwarinsa. Ya ce ya ga samari masu gudu kamar barewa an sallame su a gaban likita saboda ciwon hanta nau'in B, wanda mutum kan ɗauka tun a jarirai ya girma da shi bai sani ba, ba ciwo ba rama. Gara ka ji a asibitin garinku, ka san abin yi, da ka ji bayan ka sayar da akuya ka yi kuɗin mota.

An duba hanta, an duba sikila, an auna hawan jini da gani, an duba gwaiwa. Duk lafiya lau, alhamdulillahi. Tunda ba ya ɗauke da ƙwayar, likitan ya ce ya fara allurar rigakafin hantar, kashi uku ce cikin wata shida. An yi ta farko. Haƙori ɗaya na ciki ya fara ruɓewa, za a cike shi.

A hanyar dawowa na yi masa maganar taramol ba tare da kwana-kwana ba. Na san akwai abokansa ƴan kabu-kabu da ke sha, na kuma san za a samu mai ce masa ƙwaya ɗaya kafin gudu tana ƙara ƙarfi. Ya rantse bai taɓa ba. Na yarda, amma na faɗa.

Talata, 11 ga Nuwamba

An gyara sunan. Takardu sun yi daidai da juna.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Wani mutum ya same ni a bakin Babbar Kasuwa, da babbar riga da wayoyi biyu, ya ce ya ji ƙanena na neman soja, shi kuma yana da "hanya" a Yamai. Jikka ɗari uku, rabi yanzu rabi in suna ya fito. Na ce masa mu talakawa ne, hanyar Tibiri kaɗai muka sani. Irin waɗannan ba sa asara: in yaro ya ci da ƙoƙarinsa su ce su ne, in ya faɗi su ce wani ya fi ka biya. Na faɗa wa Inna kada ta saurari kowa, don ita za a bi ta bayan gida.

Karatun sanin ƙasa ya kankama. Nan ne tsofaffin kaye, littattafan rubutun ɗalibai, suke yaudara, don abubuwa da yawa sun canza cikin ƴan shekaru, littattafan lakkwal kuma ba su biyo ba. Taken ƙasar da Auta ya rera tun aji ɗaya an sauya shi a 2023. Sai da muka zauna ya haddace sabon. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ranar 16 ga Satumba 2023, suka mayar da shi tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, fitarsu daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba 2023, na Amurka a 2024. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Auta ya yi murna da wannan, yana zaton ya tsira daga dikte. Na ce masa takardar konkur dai da harshen aiki za ta zo, ya ɗauko alƙalami.

Abin da bai canza ba ya fi sauƙi: jihohi takwas, maƙwabta bakwai, faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,267,000, ƴancin kai 3 ga Agusta 1960. Shugabanni ya jera su a kan allo: Diori Hamani, Seyni Kunce, Ali Saibu, Mahaman Usman, Ibrahim Bare Mainasara, Dauda Malam Wanke, Tanja Mamadu, Salu Jibo, Mahamadu Isufu, Mohamed Bazum, Abdurahaman Tiani. Ya lura da kansa cewa sau biyar sojoji suka karɓi mulki: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ya tambayi Baba Ajidan me zai ce in an nemi ra'ayinsa a kai. Tsohon ya ce shekara aka tambaye ka, ba da shekara. Mai neman shiga soja ba ya kai ra'ayin siyasa gaban tebur, ko yabo ko suka.

Abin kunya shi ne ya fi sanin ƴan ƙwallon Turai da gundumomin jiharsa. Ya kawo Tasawa, Mayahi, Dakwaro, Madarunfa da Gidan Runji, ya maƙale. Agye, Gazawa da Bermo sai da na tuna masa. Ɗan Maraɗi da bai san tsohon sarki Ɗan Kasawa ba, bai san ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa garin ya hau tudu ba, ina zai ce ya fito?

Laraba, 10 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Gudun asuba ya koma bayan fitowar rana saboda ƙura da tari, ana shafa man kaɗe a dunduniya kada ta tsage. Yanzu yana kaiwa inda ya dafe ciki a watan Oktoba ya wuce yana hira da mai keke.

Yau shekara ta zagayo da harin Inates na 10 ga Disamba 2019, inda aka kashe sojoji 71. Wata guda bayansa, 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Cinagodar. Ban ɓoye wa Auta waɗannan ba, na sa su cikin abin da zai sani, ba don konkur ba. Yawancinsu samari ne sa'o'insa. Akwai tambayar da Baba Ajidan ya ce ba ta taɓa ɓacewa: in an tura ka Tilaberi, ko bakin Tafkin Cadi, ko Dirku cikin sahara, za ka je? Kowa "e" yake cewa. Abin da hafsan ke saurare shi ne ko mai cewa "e" ɗin ya san abin da ke can.

Inna ce ba a gama da ita ba. Ba ta hana ba, ba ta kuma ce to ba. Tana dama masa fura in ya dawo gudu, tana wanke masa safa, amma in aka ambaci soja sai ta tashi ta shiga madafa. Da daddare na same ta. Ta ce:

"Kai kana ta takardu. Ni da na haife shi, wa ya tambaye ni?"

Na ce Auta ne zai tambaye ta, ba ni ba. Baba Ajidan ma ya ce ba zai ƙara zama da yaron ba sai ya je ya durƙusa gabanta, wannan karon da gwiwa biyu. Ya ce sojan da ya bar uwa tana kuka ba da yardarta ba, rabin hankalinsa a gida yake, kuma shi ba ya son irinsa a gefensa.

Alhamis, 18 ga Disamba

Ranar Jamhuriya, ba lakkwal. Na tambaye shi bambancinta da 3 ga Agusta, ya ba ni daidai: 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, ƴanci ya biyo baya. Mun bi galo-galo: liyetna biyu, kapiten uku, kwamanda huɗu. Daga ajidan zuwa sama ana sa "mon" kafin muƙami, sarjan kuwa a kira shi sarjan kawai. Dikte har yanzu ja ya fi baƙi yawa a takardar, amma lissafi ba laifi.

Auta ya yi magana da Inna ran Litinin. Ban shiga ba. Ta dai aika an sayo goro an kai wa liman.

Lahadi, 28 ga Disamba

Babban gwaji. Baba Ajidan ya gayyato abokansa biyu da Auta bai taɓa gani ba, ɗaya tsohon jandarma, ɗaya tsohon gardi, don ya ce yaron ya saba da fuskokinmu. Ni aka ba ni agogo aka ce in yi shiru.

Shigowa ta yi kyau. Takalmi a ƙafa, kai a sama, suna da shekara da unguwa da takardar lakkwal cikin jimla huɗu, da muryar da mai shayin ƙofar gida ya ce ya ji. Tsohon jandarman ya yi ta katse shi da gangan, ya tambaye shi babban birnin Cadi yana tsakiyar bayanin launukan tuta. Bai rikice ba. Da aka tambaye shi wani abu game da kogin Komadugu da bai sani ba, ya ce bai sani ba, kai tsaye, bai yi kame-kame ba. Wannan mun daɗe muna aiki a kansa.

Sai aka zo kan "me ya sa kake son soja". Nan ya sake zuba haddar da ya tsinto a wayar abokinsa, doguwar jimlar Faransanci mai kishin ƙasa da sadaukar da jini har ɗigon ƙarshe. Tsohon gardin ya yi hamma da ƙarfi. Ya ce yaro na ɗari da zai faɗi wannan a yini guda, ko sunansa ba za a tuna ba. Ya juya zuwa Hausa:

"Bar wanga karatu. Mi ya taso ka, tsakaninka da Allah?"

Auta ya yi jim. Sannan ya ce a ƙauyen kawunmu, kudu da Madarunfa wajen iyaka, mutane sun daina kwana a ɗaki, shanun noma ma an kore su cikin dare, kuma shi ya ga ranar da motocin sojoji suka iso, ya ga yadda mata suka fito da tulu suka tafi rijiya. Ya ce yana son aikin da in ya iso wuri, mutane za su iya zuwa rijiya. Ya ƙara da cewa yana kuma son albashi, don ba zai yi ƙarya ba.

Suka kalli juna. Jandarman ya ce a bar maganar albashin a ciki, ba abin kunya ba ce, amma ta zo a ƙarshe kuma a gajarce. Baba Ajidan ya ja masa kunne a kan abu guda: kada ko da wasa amsar ta yi ƙamshin ramuwa, don ba a ba mai neman fansa bindiga. Aikina yanzu shi ne mu mayar da wannan amsa Faransanci mai sauƙi, jimla uku, da kalmomin da shi kansa ya mallaka, yadda ko an katse shi zai iya ɗorawa.

Asabar, 3 ga Janairu

An cike haƙorin, an yi allura ta biyu tun watan jiya. Dosiye yana cikin jakar roba a saman kwaba, saura kaziye da takardar likita ta hukuma da wasiƙar neman aiki da zai rubuta da hannunsa. Waɗannan sai sanarwa ta fito. Na ware kuɗin tambur da na mota a wurin Inna, inda ba mai taɓawa.

Azumi na tafe a watan gobe, don haka Baba Ajidan ya ce za a mayar da gudu bayan tarawi, a rage nisa, a riƙe na sauri. Dikte kullum bayan isha'i. Yara biyu daga unguwar Zariya da ɗaya daga unguwar Sabon Gari sun roƙi su shiga gwajin tambayoyi na Lahadi mai zuwa, tsohon ya ce su zo, amma kowa ya taho da takardar haihuwarsa in fara dubawa.